Babi na Biyar: Wuƙa da Mayen Ƙarfe

Duk garin da manomi da makiyayi suke cin kasuwa ɗaya ba ya rasa maƙera, kuma Dakoro irin wannan gari ne. Yana arewa da Maraɗi da tafiyar sama da kilomita 100, bayan an wuce Kornaka, a daidai inda gonakin hatsi suke fara sirancewa, makiyaya ta fara faɗi har kwarin Tarka. Bahaushe yana zuwa neman lauje da hauya, Bafillace yana neman wuƙar da zai rataya, Buzu ba ya ganin ya gama shiri sai ya saɓa takobi, mahauci kuma kullum a cikin wasa wuƙa yake. Idan Babbar Salla ta matso, har wanda ba ya yanka ko kaza sai ka gan shi yana taya wuƙa saboda ragon layya. A shimfiɗar mai sayarwa iri biyu ne suka fi yawa: baƙa, wadda maƙerin gida ya buga daga ƙarfen sifirin na tsohuwar mota ko daga magagarin da ya gama cinyewa, da kuma fara mai ƙyalli wadda ta taso daga masana'antun ƙasashen waje, ta biyo ta Kano ko Maraɗi, an buga mata tambarin Inox a gindi.

Mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, ya daina zama abin mamaki tun da tsofaffin rediyoyi suka fara mutuwa. Duk yaron da ya farke lasifika ya samu nasa. Ƴan gwangwan suna ɗaure shi da igiya suna ja a juji, masu gyaran babur suna tsintar ƙananan kusoshi da shi a cikin rairayi. Daga nan ya shiga ciniki, ya zama alƙali a hannun mai saye. Sai dai hukuncin da ake ɗora masa iri biyu ne, kuma suna karo da juna. Wani ya ce idan maye ya cafki wuƙa da ƙarfi, to ƙarfen na gaske ne, zai yi kaifi. Wani kuma ya ce idan maye ya kama farar wuƙa, to inoks ɗin na jabu ne, damina ɗaya za ta yi tsatsa. Kowanne yana da ɗan abin da ya riƙe na gaskiya, amma duk wanda ya bi ɗaya daga cikinsu wajen sayen wuƙa, yana iya komawa gida da abin da ba zai feɗe ko ɗan akuya ba.

Gani ya kori ji. A samo guntun rodi irin na gini, da baƙar wuƙar maƙera, da farar wuƙar kanti, da cokali mai tambarin 18/10 a bayansa, da tukunyar alminiyam. A kai musu maye ɗaya bayan ɗaya. Rodi zai fizge shi, sai an sa ƙarfi a ɓanɓare. Baƙar wuƙa za ta kama sosai. Farar wuƙa ita ma za ta kama, amma hannu zai ji sauƙin cirewa. Cokali kuwa ko ya yi biris, ko ya ɗan yi motsi kamar mai jin kunya. Tukunya babu ruwanta. Ta tukunya ba ta da wuyar fahimta, domin babu baƙin ƙarfe a jikinta, haka ma tagulla da azurfa da zinariya. Maganar tana wajen cokali. Wajen kashi 70 cikin ɗari na jikinsa baƙin ƙarfe ne, amma maye ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Kuma a cikin duka biyar ɗin, wanda maye ya fi so, wato rodi, shi ne wanda in aka ƙera wuƙa da shi ba za ta gama yanka rago ɗaya ba sai ta dakushe.

Ashe yawan baƙin ƙarfe a jikin abu bai isa ya sa maye ya kama shi ba. Kakannin maƙeran ƙasar Hausa shaida ne. Kafin tarkacen mota ya wadata, tama suke haƙowa su narka a rahoniya, aikin da wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Echard, ta ɗauka a fim a ƙasar Adar, maƙwabciyar Dakoro ta yamma, a cikin shekarun 1960. Wannan tama, ja ko mai ruwan ƙasa, cike take da baƙin ƙarfe, amma yawancinta maye ba ya ɗaga ta. Jar tsatsa ma haka take. Amma baƙin ɓawon nan da yake zubowa gindin uwar maƙera idan ana dukan jan ƙarfe, shi maye yana kwashe shi tas, har masu tonon tsofaffin kufai suna amfani da maye su gane inda maƙera ta taɓa zama. Tsatsa da ɓawon duk haɗuwar baƙin ƙarfe da iska ce. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarra suka zauna a ciki.

Kowace ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe ɗan ƙaramin maye ce da kanta, tana da gabanta da bayanta, saboda wasu daga cikin elektaron ɗinta ba su da abokan da za su kashe musu ƙarfi. Wannan kaɗai ba abin a zo a gani ba ne, akwai sinadarai da dama masu irin wannan hali. Abin da ya keɓe baƙin ƙarfe, da nikel da kobalt, shi ne ƙwayoyin da suke maƙwabtaka suna tilasta wa juna fuskantar wuri ɗaya. Sai su haɗu rukuni-rukuni, kowane rukuni da inda ya dosa. Wani masani Bafaranshe, Pierre Weiss, shi ya kawo wannan bayani a 1907. Kamar shanu ne a makiyaya da hantsi: garken nan ya ba gabas gaba, wancan ya dubi kudu, wani arewa, idan ka haɗa su duka ba ka ce ga inda suka nufa ba. Da lokacin shayarwa ya yi aka fara jan guga, sai kawunan duka su juya rijiya. Kusantar maye ita ce take juya rukunonin nan, ƙusa ta zama maye na ɗan lokaci, su manne da juna. Wannan biyayya ta maƙwabta kuwa tana da sharuɗɗa biyu: kada zafi ya yi yawa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ta zama daidai.

Sharaɗin farko ana ganinsa a kowace maƙera. A sa baƙar wuƙa cikin gawayin ƙirya, yaro ya kama zuga-zugi. Tun tana baƙa, ta fara ja mai duhu, maye yana kama ta. Da jan ya ƙara haske sai a wayi gari maye ya sake ta ɗungurungum, kamar an taɓa shi a jikin itace. Ƙarfen bai narke ba, babu abin da ya fita daga jikinsa. A ajiye shi ya huce, maye ya dawo ya kama. William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, ya rubuta wannan a littafinsa na maganaɗisu a shekarar 1600. Sai a 1895 Pierre Curie ya auna abin da kyau a Paris, shi ya sa ake kiran wannan mataki da sunansa. Ga zallar baƙin ƙarfe, digiri 770 ne a ma'aunin Salsiyas. Zafi girgiza ce ga ƙwayoyin zarra, idan ta kai wannan matsayi babu ƙwayar da take iya riƙe maƙwabciyarta a fuska ɗaya.

Sharaɗi na biyu ya fi ɓuya, kuma a kansa maganar wuƙa ta rataya. Ƙwayoyin ƙarfe ba a warwatse suke ba, jere suke cikin tsari mai maimaita kansa. A yanayin sanyi, tsarin baƙin ƙarfe ɗan akwati ne mai kusurwa takwas, ƙwaya ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya kuma a tsakiyar ciki. Masana suna kiran wannan zubi ferit, kuma shi maye yake so. Idan zafi ya kai digiri 912, zallar ƙarfe yakan sauya zama: ta tsakiya ta tashi, a samu ƙwaya ɗaya a tsakiyar kowace fuska shida ta akwatin. Wannan zubi sunansa ostenit, kuma maye ba ya kama shi. Idan akwai kabon a cikin ƙarfen, wato sinadarin gawayi, sauyin yana farawa da wuri, tun daga digiri 727. Ga ƙarfen sifirin mai kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, ko magagari mai wajen kashi 1, matakin Curie da sauyin zubi suna faruwa kusa da juna, a cikin jan nan da maƙeri yake jira.

Me yake jira? Ferit ba ya ɗaukar kabon sai ɗan mitsitsi, wajen kashi 0.02 cikin ɗari. Ostenit kuwa yana iya shanye har kusan kashi 2. Maƙeri yana gasa wuƙa ne don kabon ya narke ya shige tsakanin ƙwayoyin ƙarfe. Idan ya bar ta ta huce a hankali cikin toka, kabon zai samu lokacin fita, ƙarfe ya koma da taushi. Idan kuwa ya fizgo ta da awartaki ya tsoma a ruwa ko baƙin mai, ƙarfen yana son komawa zubinsa na sanyi amma kabon ya maƙale a ciki, bai samu hanyar fita ba. Sai akwatin ya miƙe ta gefe ɗaya, ya takure, ya ƙi motsi. Wannan takurarren zubi shi ne matansit, kuma shi ne taurin da ke sa wuƙa ta riƙe kaifi. Tun da ɗan gidan ferit ne, mai ƙwaya a tsakiya, maye yana kama shi.

Daga nan hukunci na biyu na ƴan kasuwa ya faɗi. Wuƙar ƙarfe da za ta yi tauri ta hanyar wuta da tsomawa dole ta zama matansit, matansit kuwa dole maye ya kama shi, ko baƙa ce ko fara. Idan aka miƙo maka farar wuƙa maye ya ƙi ta sam, kada ka yi murna cewa ka samu inoks na asali. Mai yiwuwa ka samu ƙarfen cokali ne da aka yanka a siffar wuƙa, mai kyau wajen shafa man shanu a burodi, amma ba wajen raba fata da nama ba.

Asalin ruɗanin yana cikin tarihin inoks kansa, domin tun haihuwarsa gida biyu ne. A garin Sheffield na Ingila, a 1913, Harry Brearley yana neman ƙarfen da bakin bindiga ba zai cinye da wuri ba, sai ya narka wani mai kuromiyam wajen kashi 13 cikin ɗari da ɗan kabon, ya tarar ba ya tsatsa. Sheffield garin maƙeran wuƙa ne, nan da nan aka kai shi inda ya dace. Kuromiyam idan ya kai kashi 10.5 yana yi wa ƙarfe wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda take hana iska da ruwa cin sa, in an kankare ta kuma ta sake fitowa da kanta. Ƙarfen Brearley yana shan wuta, ana tsoma shi, yana zama matansit, maye yana kama shi. Zuriyarsa ce ake bugawa da lamba 420 da 440, ita ce a yawancin wuƙaƙen kanti da almakashi da kayan fiɗar likita. Shekara ɗaya kafin nan kuma, a 1912, Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp a Jamus sun yi rajistar wani inoks dabam, wanda bayan kuromiyam aka zuba masa nikel. Daga wannan gida aka samu wanda ake kira 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, na kwanoni da tankunan madara da cokula. Lambobin 18/8 da 18/10 da ke bayan cokali ma'anarsu ke nan. Idan ka ga 18/0, babu nikel, ferit ne, maye zai kama shi, kuma shi ma inoks ne na halal.

Aikin nikel a nan yana da ban dariya in aka duba. Shi kansa maye yana kama shi. Tsohon kwabon dala ashirin na sefa, wanda aka fara bugawa a ƙarshen shekarun 1960, nikel ne, kuma yana mannewa a maye. To ga baƙin ƙarfe da maye yake kamawa, ga nikel da maye yake kamawa, an narka su tare da kuromiyam, sai aka samu abin da maye ba ya kamawa. Dalili shi ne nikel yana danne ƙarfe a zubin ostenit, ya hana shi komawa ferit ko da ya huce. Wato cokalin da ke hannunka yana zaune ne a zubin da baƙar wuƙa ba ta shiga sai ta yi ja a wuta. Shi ya sa ba a iya taurara shi da tsomawa: babu inda zai koma, balle kabon ya maƙale.

Ba nikel kaɗai yake wannan aiki ba. Manganis ma yana yi. Tun a 1882 Robert Hadfield, shi ma mutumin Sheffield, ya haɗa ƙarfe mai manganis wajen kashi 12 zuwa 13, wanda maye ba ya kamawa, kuma har yau da shi ake yin haƙoran injin fasa dutse da mahaɗar layin dogo. Wannan ya shafi uwar da take haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki fiye da yadda take zato. Nikel yana da tsada, don haka masana'antu, musamman a Indiya da Sin, suna rage shi su cike gurbin da manganis, su fitar da inoks mai lamba 201 da danginsa. Maye ba ya kama shi, yana ƙyalli kamar 304, amma bai kai shi jure gishiri da tsami ba. Saboda haka ko a wajen kwano, ƙin kamawa ba ya tabbatar da cewa an samu mai tsadar.

Akwai kuma abin da duka yake yi. Ɗauki kwanon inoks ka kai maye tsakiyar gindinsa, ba zai kama ba. Ka matsa da shi zuwa lanƙwasar gefe ko bakin da aka naɗe, sau da yawa sai ka ji ya ɗan riƙe. Ƙarfe ɗaya ne, amma inda injin ya matse shi ya ja shi da ƙarfi, wani sashe na ostenit ya tsallake ya zama matansit ba tare da wuta ba. Wasu masu ƙera wuƙa sun mai da wannan sana'a. Akwai wani ƙarfen Japan da ake kira H1, wanda kamfanin Spyderco na Amurka ya yi suna da shi wajen wuƙaƙen masunta da masu aiki a ruwan teku. Asalinsa ɗan gidan ostenit ne, amma ana murza shi a sanyi har ya taurare, kuma da ya taurare maye ya fara kama shi. Ko ta wace ƙofa ƙarfe ya bi ya kai ga taurin wuƙa, sai ya tarar da maye yana jiransa. Waɗanda suka tsira su ne wuƙaƙen da ba na baƙin ƙarfe ba ne tun farko, irin na taitaniyam da masu kwance nakiya a ruwa suke riƙewa, da fararen nan na yumɓun zamani da ba a gasa su a maƙera.

To, tun da duk wuƙar kirki maye yana kama ta, me ya sa wata ta fi wata? Kamfanin Opinel na Faransa yana fitar da wuƙa siffa ɗaya a ƙarfe biyu, baƙi mai kabon wajen kashi 0.9, da inoks mai kuromiyam wajen kashi 13. Duka biyun suna kamawa, baƙar ta ɗan fi. Dalilin farko lissafi ne kawai: duk gurbin da kuromiyam ya zauna, an rasa ƙwayar baƙin ƙarfe ɗaya, kuma yana rage wa maƙwabtansa ƙarfi. Zallar baƙin ƙarfe idan ya ƙoshi da maganaɗisu yana kai 2.15 a ma'aunin tesla, inoks mai kuromiyam kashi 16 zuwa 18 kuwa a wajen 1.5 yake tsayawa. Na biyu, a cikin ƙarfe mai kabon da yawa, kabon yana haɗuwa da kuromiyam ko banadiyam su dunƙule su zama ƴan tsakuwoyi masu tsananin tauri da ake kira kabaid. Su ne suke sa wuƙa ta daɗe ba ta dakushe ba, su ne kuma suke sa ta ba mai wasa ta wahala, kuma maye ba ya kama su. Ƙarafa irin D2 da 440C cike suke da su. A nan sai lissafin ɗan kasuwa na farko ya juye: wuƙar da ta fi tsada da riƙe kaifi tana iya zama wadda maye ya fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Dalili na uku ya shafi hannun maƙeri kai tsaye. Lokacin tsomawa, ostenit ba ya juyewa gaba ɗaya a take. Yana farawa ne idan zafi ya sauko wajen digiri 200 zuwa 300, ya ci gaba yayin da ƙarfen yake ƙara sanyi. Idan kabon ya yi yawa, ko an gasa wuƙar fiye da kima, ƙarshen juyewar yana faɗawa ƙasa da sanyin ɗaki, har ƙasa da na ƙanƙara. Ruwan randa a Dakoro cikin watan Afrilu ba zai kai ta can ba. Sai a bar ragowar ostenit a cikin wuƙar, mai taushi, wanda maye ba ya gani. Manyan masana'antu suna tsoma wuƙa cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri don su ƙarasa juyewar, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suke auna ragowar shi ne da na'urar maganaɗisu. Wato wuƙa biyu daga sifirin ɗaya, a maƙera ɗaya, suna iya bambanta a wajen maye saboda ɗaya ta daɗe a wuta. Amma wannan bambanci na na'ura ne, yatsun mutum ba su cika jin sa ba.

Abin da yatsu suke ji, a gaskiya, yawanci kauri ne. Maye mai ƙarfi yana buƙatar nama a jikin ƙarfe da zai bi. Siririyar wuƙar mai kilishi tana ƙoshi da wuri, sauran ƙarfin mayen ya wuce ta baya a banza, alhali barho ko adda mai kauri tana shanye shi duka. Fenti, tsatsa, maiƙo, ko ɗan doron da ya hana maye kwanciya daidai, kowanne yana rage riƙo fiye da duk bambancin kuromiyam da muka lissafa. Wanda ya gwada maye a adda sannan ya gwada a aska ya ce ƙarfen adda ya fi, kaurinsu ya auna.

Taushi da tauri kuma suna da wani bambanci da ya fi kamawa muhimmanci, wato riƙewa. A cikin ƙarfe mai taushi rukunonin nan suna juyawa cikin sauƙi, su kuma koma cikin sauƙi da an ɗauke maye. Shi ya sa rodi da ƙusa suke fizga, shi ya sa kuma ake yin cikin taransifoma da ƙarfe mai taushi da aka sa wa silikon wajen kashi 3. A cikin matansit kuwa, takurar da ta hana ƙwayoyi zamewa ita ce take hana rukunoni juyawa. Suna jinkirin amsawa, amma in sun juya ba su komawa duka. Goga maye a jikin wuƙa mai tauri sau da yawa ta fuska ɗaya, za ta fara ɗaukar allura da kanta, ta yi watanni a haka. Yi wa rodi haka, ɗan abin da zai riƙe kaɗan ne. Allurar kamfas da matafiya suka dogara da ita ɗaruruwan shekaru taurarren ƙarfe ce saboda wannan dalili. A littafin Gilbert akwai zanen maƙeri yana dukan jan ƙarfe da ya miƙe tsakanin arewa da kudu, domin ya lura cewa ƙarfen da aka buga ya huce a haka yana ɗaukar ɗan maganaɗisu daga ƙasa kanta. Ni a ganina, in dai dole sai an yi gwajin maye a kasuwa, wannan ya fi ma'ana: a ga ko wuƙar tana riƙewa, maimakon a ga ko tana kamawa. Sai dai mahauci ba zai gode maka ba, don wuƙar da ta zama maye tana tattara garin ƙarfe a bakinta duk lokacin da aka wasa ta.

Tsofaffin maƙera suna da gwajin da ya fi wannan sauri. Idan saurayi ya zo da mayen lasifika yana taɓa wuƙaƙe yana cewa, "Baba, wannan ta fi kamawa," amsar da ta dace ita ce a miƙa masa magagari a ce, "Ɗana, goga a bakinta." Idan magagari ya ci, ƙarfen da taushi. Idan ya zame yana ƙara, an taurara shi. Maganar tsatsa kuma lemun tsami ne alƙalinta: a ɗiga a bar shi, baƙin ƙarfe zai canza launi, inoks ba zai kula ba. Wannan ne kaɗai yake tona asirin wuƙar da aka yi da ƙarfe mai arha aka shafe ta da ƙyalli, in an fara kankare ɗan wuri, domin a wajen maye ita da inoks na gaske duk ɗaya ne. A kan takobin Buzaye ma, wanda tsofaffin ruwansa da yawa daga Solingen ta Jamus suka biyo ayari, maye zai gaya maka inda ƙarfe ya ƙare, tagulla da fata suka fara a ƙota, amma ba zai raba maka tsohon ruwa da wanda aka yanko jiya daga jikin mota ba.

Inda maye yake da aikin yi na gaske shi ne gefen wuta. Maƙeri da ido yake auna zafi, ido kuwa yana ruɗuwa: jan da ake gani a cikin rumfa da asuba ba shi ake gani da rana tsaka ba, kuma wanda ya gasa wuƙa a hasken rana yakan zarce ba tare da ya sani ba, ƙwayar ƙarfen ta yi gautsi, bakin ya riƙa ɓarewa. Mayen lasifika a ɗaure a waya ba ya ruɗuwa da haske. A riƙa fito da wuƙar ana taɓawa da sauri, don shi ma zafi yana kashe shi in ya daɗe. Da ya saki, an san an kai wajen digiri 750 zuwa 770. Ƙarfen sifirin yana son a ƙara masa kaɗan, zuwa wajen 830, sannan a tsoma. Gwajin yana aiki ne lokacin da zafi yake hawa. In an riga an zarce ana jiran ya sauko, maye zai ci gaba da ƙin kamawa har ƙasa da inda ya saki, don ostenit yana nawar juyewa. Bayan tsomawa kuma sai a mayar da ita wuta mai sauƙi, wajen digiri 200, har gogaggen bakin ya yi ruwan kara, a rage mata gautsi.

Da inoks kuwa wannan dabara ba ta kai ko'ina. Maye yana sakinsa tun kafin digiri 800, amma kabaid ɗin kuromiyam ba su narkewa su ba da kabon ɗinsu sai an haura digiri 1000, kuma sai an riƙe shi a can na ɗan lokaci ba tare da iska ta cinye fatarsa ba. Tsakanin inda maye ya yi shiru da inda ake son kaiwa akwai sama da digiri 200 da babu mai nuna hanya sai tanderu mai ma'auni. Shi ya sa idan farar wuƙa ta karye aka kawo ta maƙera, abin da ya fi shi ne a wasa guntun a sanyi a yi masa sabuwar ƙota, ana tsoma shi a ruwa a kai a kai don kada dutsen injin ya ƙona bakin. Sabuwar wuƙa kuma a koma wajen masu tarkacen mota a zaɓo sifirin.